Alluran Sin Ga Gwiwa, Baya Da Ido: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Mabera

Wani bawan Allah daga Mabera ya aiko da tambaya a kan mahaifiyarsa. Shekarunta 64, gwiwoyinta biyu sun kai shekara shida suna ciwo har sujada ta fara gagararta, ga ciwon baya da ke sauka mata ƙafar hagu. Bara aka duba idonta aka ce hawan jinin ido ne, aka ɗora ta a kan maganin ɗigawa safe da dare. Yanzu an ba su labarin wani mai soka siraran allurai irin na mutanen Sin, abin da ake kira akufanca. Ya ce zama goma zai yi mata, gwiwa da baya da ido duk su warke, amma sai ta ajiye magungunan asibiti don kada su hana allura aiki. Yana tambaya, su kai ta ko kada su kai ta?

Malam, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Aikina gashin ƙashi ne, kuma gwiwa da baya su ne abin da na fi gani kowace rana a nan Sakkwato. Kafin in shiga dogon bayani, ga abin da nake so ka riƙe ko da ba ka karanta sauran ba: kada Inna ta ajiye maganin idon nan ko na kwana ɗaya. Maganar gwiwa da baya akwai wurin gwaji a cikinta, kuma zan faɗa maka yadda za a gwada ba tare da cutarwa ba. Idon kuwa hukuncinsa daban ne.

Allurar da ake magana ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami a ciki, ba magani take ɗurawa ba. Ƙarfe ne siriri, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ana kafa guda goma ko ashirin a wurare daban-daban na jiki, a bar su minti 20 zuwa 30, wani lokaci a riƙa murza su ko a haɗa su da 'yar wutar batir. Mutanen Sin sun fi shekara 2,000 suna yi. A bayaninsu na gargajiya, akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, idan ya toshe sai ciwo ya zo, allura ta buɗe. Masu binciken ƙirar jikin ɗan Adam ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da aka gani shi ne allurar tana taɓa ƙananan jijiyoyi da ke fata da tsoka, jiki ya saki sinadaransa na rage zogi, ƙwaƙwalwa kuma ta rage yadda take karɓar saƙon ciwo na ɗan lokaci. Amurkawa ma ba su san ta sosai ba sai a 1971, lokacin da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya rubuta yadda aka rage masa ciwo da ita bayan an yi masa tiyata a Bejin. Mu Hausawa abin bai kamata ya zame mana baƙo ba, domin mun tashi mun ga ƙaho da tsaga da sakiya a hannun wanzamai. Duk tunanin ɗaya ne, a taɓa jiki daga waje don a sami sauƙin ciki.

Shin tana aiki? An yi bincike mai yawa a kan wannan, kuma akwai ɗaya da nake yawan ba mutane labarinsa. A Jamus aka yi shi, aka fitar da sakamakon a 2007. An tara mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar yadda littattafan Sin suka tsara. Kashi na biyu aka soka musu allura sama-sama a wuraren da ba su ne na ainihi ba, ba tare da sun sani ba. Kashi na uku aka bar su da kulawar da aka saba, magani da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka sami sauƙi a kashin farko kashi 47.6 ne cikin ɗari, a na biyu 44.2, a na uku 27.4. Dubi lambobin nan da kyau. Allura ta fi kulawar da aka saba, wannan gaskiya ne. Amma ta ainihi da ta kwaikwayo kusan kai ɗaya suke. Ma'ana, yawancin amfanin bai dogara da sanin wani ɓoyayyen wuri a jiki ba. Ya fito ne daga taɓawar kanta, da kwanciyar rabin sa'a a natse, da kulawar mutumin da ya zauna ya saurare ka, da sa ran da mara lafiya ya zo da shi. Ba na raina waɗannan abubuwa, domin duk mai jinya ya san suna rage ciwo na gaske. A 2018 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 39 da suka ƙunshi mutum sama da 20,000 masu ciwon baya, wuya, kafaɗa, gwiwa da ciwon kai, suka ga allurar ainihi ta ɗan fi ta kwaikwayo, ta kuma fi rashin yin allurar gaba ɗaya da tazara mai ɗan dama.

Shi ya sa hukumomin lafiya na duniya ba su yi magana da baki ɗaya ba. Hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2016 kada a riƙa bayar da ita ga ciwon baya, ta maimaita haka ga amosanin gwiwa a 2022. Wata ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a iya gwadawa ga ciwon baya a 2017, kuma daga 2020 inshorar lafiyar tsofaffi ta can ta fara biyan zama 12 cikin kwana 90 ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce ana iya haɗa ta da sauran kulawa, da sharaɗi. A cikinsu duka babu wadda ta ce tana warkar da cutar. Wannan shi ne ra'ayina ni ma: sauƙi take kawowa ga wasu, na makonni ko watanni. Gwiwar Inna guringuntsinta ne ya siɗe, wannan santsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi, kuma babu allura ko sassaƙe ko kwaya da ke mayar da shi.

Idan kuna da hali kuma Inna tana so, ba zan hana a gwada mata a gwiwa da baya ba. Amma a yi shi da ma'auni. Kafin a fara, ku rubuta minti nawa take iya tsayuwa, sau nawa take iya tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau nawa ciwo ke tashe ta da dare. A yi zama shida. In ba a ga bambanci a waɗannan abubuwa ba, a tsaya, kuɗin ya tafi wani wurin da ya fi amfani. Kada ku biya kuɗin zama goma gaba ɗaya tun farko. Allura kuma dole ta kasance sabuwa, a farke ledarta a gabanku, a zubar bayan an gama. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma allurar da aka maimaita hanya ce gare ta. Allura a ƙirji ko saman baya, in ta yi zurfi, tana iya huda huhu, musamman ga mai ramammen jiki. Mai shan maganin tsinka jini, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mai juna biyu, duk sai sun faɗa kafin a taɓa su. Ku tambaye shi inda ya yi karatu da takardar rajistarsa. Majalisar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya, MDCN, ita ce ke yi wa masu wannan aiki ma. Sai dai ka sani, mutumin da ya ce a ajiye maganin asibiti ya riga ya faɗi jarrabawa a wurina. Wanda ya san aikin ba ya faɗin haka, domin babu yadda ɗigon ido zai hana allurar gwiwa aiki. In za a gwada, a nemi wani.

Yanzu ga abin da na ga ya fi canza rayuwar masu gwiwa, ko da yake ba shi da kwarjinin allura. Tsokar cinya ita ce mai ɗaukar wa gwiwa kaya. Ciwo yakan sa mutum ya rage tafiya, tsokar ta saki, gwiwa ta ƙara shan nauyi, ciwo ya ƙaru, haka abin ke ta juyawa. Inda ake tsinka shi shi ne a ƙarfafa cinyar. Inna ta zauna a kujera mai ɗan tsayi, ta miƙe ƙafa ɗaya sosai, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Sannan ta tashi tsaye daga kujerar ta koma, sau biyar da farko, ana ƙarawa. Ta haɗa shi da wani abu da ba ta mantawa, misali bayan sallar asuba da bayan la'asar. Sai tafiya a fili mai laushi, minti goma da sanyin safiya kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Ɗan ciwo lokacin motsin ba laifi ba ne, in dai ya lafa kafin washegari. Abin yana ɗaukar mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga amfaninsa, kuma a nan ne yawancin mutane ke karaya, domin mun saba da sha yanzu magani yanzu. Aikinka ke nan, Malam, kai da jikokinta: a riƙa zama da ita ana ƙirga mata.

In Inna tana da jiki, rage nauyi yana da tasirin da mutane ba su zata ba. An auna an ga kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Wani gwaji da aka fitar a Amurka a 2013 ya nuna waɗanda suka haɗa motsa jiki da rage kusan kashi goma na nauyinsu ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Ba sai an hana ta tuwo ba. A fara da sukarin da ke shiga fura da kunu da shayi, da lemon kwalba, da soye-soye, a yawaita zogale da rama da kuɓewa da wake.

Sauran gyaran a cikin gida yake. Tsuguno a bayan gida yana cin gwiwa ƙwarai. Kafinta zai iya yi mata kujera mai rami da abin dafawa a bango. Zama a tabarma da tashi daga ƙasa sau da yawa a rana, a sauya shi da kujera. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar da ta fi ciwo ba. Na san iyayenmu mata da yawa suna ƙin sanda don kada a ce sun tsufa, sai an lallashe su. Haka sallah: na ga tsofaffi suna hawaye a sujada don suna ganin zama a kujera ragi ne a ibada, alhali hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba da sauƙin yin ta a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ta tambayi malamin da ta amince da shi yadda za ta yi, hankalinta zai fi kwanciya. Da hunturu, gashi da tawul da ruwan ɗumi minti goma sha biyar yana sake gaɓa. A gwada zafin da hannun wani tukuna, balle in tana da ciwon sukari, domin ƙafar mai sukari ba ta jin ƙuna da wuri.

Maganar kwayoyi ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ta shafi idonta kai tsaye. Diklofenak da aibufurofen da firoksikam suna rage ciwo, amma shan su kullum yana kawo gyambon ciki, yana hawar da jini, yana lalata ƙoda. A gari irin namu da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, jiki a bushe, ƙodar tsoho ba ta jure musu. Na shafawa ya fi aminci ga gwiwa, domin kaɗan ne ke shiga jini. Wanda ya fi haɗari shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu kemis ko a hannun masu talla, kwaya huɗu ko biyar ba suna. Sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki. Kwana biyu mutum ya ji kamar an cire masa ciwon, shi ya sa ake komawa. Bayan watanni fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi taushi. Wannan jinsin magani kuma yana ɗaga matsin ruwan ido, yana kawo yana. Ga mai hawan jinin ido kamar Inna, guba ne. Don Allah ka buɗe jakarta da ƙarƙashin matashinta ka tattara duk abin da take sha, har da na gargajiya, ka kai wa likitan idon ya gani. Allurar wannan magani da likitan ƙashi ke yi a cikin gwiwa tana ba da sauƙi na 'yan makonni, tana da wurinta, amma ba a yawaita ta, kuma a sanar da shi matsalar idon kafin ya yi.

Na itatuwa kuwa, an yi ƙananan gwaje-gwaje a kan kurkur da citta da ƙaron wani icce na Indiya ɗan uwan ararrabi, an ga ɗan sauƙi ga wasu masu gwiwa. A abinci babu damuwa. Gulukosamin, kwayar ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa da tsada, babban gwajin da aka yi masa a 2006 da mutum 1,583 bai nuna ya fi kwayar da ba komai a cikinta ba ga yawancinsu. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba amincinsa, ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jiki ba ce. Ƙaho yana da matsayinsa a addini da al'adarmu, kuma wasu suna samun sauƙin baya na ɗan lokaci da shi. Sharaɗinsa sabuwar reza da kofi mai tsafta, kuma kada a yi shi a kan gwiwar da ta kumbura tana zafi. Tsaga a kan gaɓa kuwa ina roƙo a bari. Na sha karɓar gwiwar da aka tsaga aka cusa magani, ƙwayar cuta ta shiga ta tara ruwa, wadda da amosani ne kawai ta koma abin tiyata.

Bayan nata yana buƙatar a duba kafin a soka masa komai, saboda saukar da yake yi ƙafa alama ce ta jijiya da aka matse. A shekarunta yawanci ramin da jijiyoyi ke bi a ƙashin baya ne ke ƙuntata. Za ka ga tafiya na tayar da shi, in ta zauna ko ta sunkuya sai ya lafa. Wannan yana jin motsa jiki, kuma doguwar kwanciya ƙara shi take yi. Ɗamarar baya da ake sayarwa ma ba a son a mayar da ita ta kullum. Amma akwai ciwon bayan da ba na gashi ko allura ba ne. In akwai rama da zazzaɓin dare da gumi, ko wani ƙashi ya turo a tsakiyar baya, tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a ƙasar nan. Maganinsa kyauta ne, jinkiri ne ke kai shi ga shanye ƙafafu. Makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta daga dabbobi da ke zama a baya. Tsohuwar da ta yi 'yar faɗuwa ciwo ya taso farat ɗaya, ana tunanin karayar ƙashi. In kuwa fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ta sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ja, a ranar za a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Ƙashi na Wamakko duk wuraren da za a fara ne. Haka gaɓoɓin da suka kumbura a yatsun hannu biyu da sandarewar safe fiye da sa'a guda, wani nau'in amosani ne da ke da maganinsa na musamman, kuma ɓata lokaci a kan allura yana barin gaɓar ta lanƙwashe.

To, ido. Cikin ido akwai ruwa da ake samarwa kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta rage ja, matsi ya taru, kamar kwatar da ta toshe da damina. A yawancin mutane matsin yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitocin ido. Wanda yake shan wahalar matsin shi ne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, wadda ta ƙunshi zare sama da miliyan ɗaya. Zaren da ya mutu ya mutu ke nan. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye a mafi yawan lokuta. Daga gefe yake fara ci, tsakiya na nan garau, mutum yana karatun Alƙur'aninsa yana ganin lafiyarsa ƙalau. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje ba ka ganin komai sai ranar da rufi ya sauko. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ta fi makantar da mutane, kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido na biye da kashi 16.7. Kusan mutum ɗaya cikin 20 na waɗanda suka kai shekara 40 yana da shi, kuma fiye da tara cikin goma ba su san suna da shi ba. Inna tana cikin 'yan kaɗan da Allah ya sa aka gano nasu.

Abu ɗaya ne aka tabbatar yana tsayar da wannan cuta, wato sauke matsin, ko da ɗigo, ko da hasken leza, ko da tiyata. Masu tace bincike sun duba abin da aka yi a kan alluran Sin da hawan jinin ido, ba su sami hujjar da za a dogara da ita ba cewa tana kare gani. A nan ne bambancin yake da gwiwa. Ciwon gwiwa abu ne da mai shi ke ji, don haka in ta ce ta ji sauƙi, sauƙin ya samu. Matsin ido ba a jin sa. Tana iya fitowa daga zaman allura ta ce idonta ya washe, da gaskiyarta, alhali jijiyar na ci gaba da mutuwa. Akwai wani dattijo manomin albasa da na daɗe ina yi wa gashin baya. Ya ajiye ɗigonsa wata takwas saboda wani mai magani ya ba shi tabbaci, kuma bai faɗa wa kowa ba don yana jin daɗin idon. Ranar da na lura yana laluben ƙofar ɗakin da ya saba shiga na tura shi wurin likitan ido. An ceto ɗan abin da ya rage a ido ɗaya. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci, domin maganin baya ya zo nema wurina, kuma tambaya ɗaya da na yi masa da wuri da ta isa.

Yana kuwa, in ta zo mata nan gaba, maganinta tiyata ce ta kimanin minti 20, a cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba. Ba allura, ba ɗigo, ba zuma da ke narkar da ita. Har yanzu akwai masu yawo ƙauyuka suna soka ƙarfe su tura yanar cikin ido. Wancan binciken na ƙasa ya gano fiye da kashi 40 na idanun da aka yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi, kuma kusan uku cikin huɗu nasu sun ci gaba da zama a makance. Kada a ɗiga mata zuma, ko ruwan ganye, ko nono, ko ɗigon da aka saya don jan ido ba tare da likita ya rubuta ba, domin da yawansu suna ɗauke da wancan jinsin maganin da ke ɗaga matsi. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma. Wurin da kawai aka ga ɗan alamar amfanin allura a ido shi ne bushewar ido, irin wadda ke damun mutane da ƙurar hunturu, kuma gwaje-gwajen ƙanana ne. Hawayen roba, wato ɗigon da ke jiƙa ido, da gashin fatar ido da ruwan ɗumi sun fi sauƙi da arha. Ni dai ba zan bari a kawo allura kusa da ƙwayar idon mahaifiyata ba.

Sau da yawa abin da ke tura mutane wurin masu alkawarin waraka shi ne gajiya da tsadar ɗigon, wata bayan wata, ba ranar gamawa. In haka ne, ku faɗa wa likitan idon a fili. Akwai mai arha, akwai leza, akwai tiyatar da ke buɗe wa ruwan sabuwar hanya, kuma in abin ya fi ƙarfin nan ana turawa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka kuma duba yadda take ɗigawa. Ɗigo ɗaya ya isa, ta rufe ido, ta danne kusurwar da ke kusa da hanci minti biyu, in magani biyu ne a bar minti biyar tsakaninsu. In hannunta na rawa wani ya riƙa ɗiga mata. In ɗigon nata mai suna timolol ne kuma tana da asma ko bugun zuciyarta na yin ƙasa, likita ya sani. Da azumi kada ta daina. Ana iya mayar da lokacin zuwa sahur da bayan buɗa-baki. A sayi sabon kwalba tun kafin na hannu ya ƙare, kuma kada a ajiye shi a taga ko cikin mota a wannan zafi.

Wannan cuta tana bin jini, Malam. 'Ya'ya da 'yan'uwan mai ita sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa nesa ba kusa ba. Ranar da za ku mayar da Inna asibitin ido, ka yanki kati kai ma, a auna matsin idonka a leƙa jijiyar, ka kuma kira yayyenka da ƙannenka da ƙannen Inna da suka kai shekara 40 su zo a duba su, ko da kowa yana cewa yana gani garau.